Tasirin Gulukos a kan Girma da Sarrafa Abinci na Ƙwayoyin Halittar Dabbobi Masu Shayarwa da Ake Renonsu a Kwalba: Abin da Ya Shafi Rigakafin Ƙananan Bisashe a Kwarin Komadugu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda yawan sukarin gulukos a cikin ruwan reno yake sauya girman ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa da kuma yadda suke sarrafa abinci. An ɗora nazarin a kan allurar rigakafin annobar ƙananan bisashe, wadda ake yi wa tumaki da awaki a jihar Diffa, domin a cikin irin waɗannan ƙwayoyin ake hayayyafar ta. Matsayin takardar shi ne cewa ƙarin gulukos bayan wani ɗan ƙaramin mizani ba ya ƙara girma, tsami kawai yake ƙarawa, kuma irin sukarin da aka zaɓa yana iya shafar ƙarfin rigakafin da juriyarsa ga zafi.

1.0 Gabatarwa

Garin Diffa yana bakin kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Bosso. An fi sanin kwarin da noman tattasai, amma da wuya a shiga gida daga Maine-Sorowa zuwa Ngigmi ba a tarar da akuya ko tunkiya ba. Tun daga hare-haren da aka kai yankin a watan Fabrairun 2015 jama'a da yawa suka bar matsugunansu tare da bisashensu, garkunan da a da ba sa haɗuwa suka koma shan ruwa a rijiya ɗaya. Irin wannan cuɗanya ita ce abin da annobar ƙananan bisashe, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, take buƙata don ta bazu. Ciwo ne na zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, aka fara bayyana shi a Kodibuwa a 1942. A taron Abijan na 2015 hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da shi daga doron ƙasa.

Makamin wannan yaƙi rigakafi ne mai rai, wato bairos ɗin ciwon da aka raunana. Bairos kuwa ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Saboda haka kowace allura da aka yi wa akuya a Gudumariya ta samo asali ne daga kwalbar da aka reni ƙwayoyin ƙodar biri a cikin wani jan ruwa mai ɗauke da gishiri da sinadaran amino da bitamin da sukari. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana aikin da sukarin yake yi a cikin kwalbar, da illar yawansa da ta ƙarancinsa, da kuma abin da hakan ke nufi ga rigakafin da zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga Yamai kafin ya iso Diffa.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Otto Warburg, a shekarun 1920 a Jamus, shi ne ya fara nuna cewa ƙwayoyin ciwon daji suna cinye gulukos da yawa su mayar da shi sinadarin laktet ko da iskar oksijin na wadace. Ya ɗauka cewa hakan alama ce ta lalacewar numfashin ƙwayar, ya kuma sake jaddada wannan ra'ayi a 1956. Herbert Crabtree a 1929 ya lura da wani abu na kusa da wannan: idan aka ƙara gulukos, yawan oksijin da ƙwayar ke amfani da shi raguwa yake yi. Daga baya aka gane cewa wannan ɗabi'a ba ta ciwon daji ba ce kaɗai. Kusan duk ƙwayar da ke saurin rarrabuwa haka take yi, kuma galibi numfashinta lafiya ƙalau yake.

A ɓangaren ruwan reno, Harry Eagle ya fitar da haɗinsa na farko a 1955, sannan wanda ake kira MEM a 1959, mai giram 1 na gulukos a kowace lita. A shekarar ce Dulbecco da Freeman suka fitar da nasu haɗin, DMEM, wanda a yau ake sayar da shi iri biyu: mai giram 1 da mai giram 4.5. RPMI 1640 yana da giram 2. Abin lura a nan shi ne ba a ƙara sukarin don kwaikwayon jiki ba. An ƙara shi ne don kada ya ƙare kafin ma'aikaci ya dawo ya canza ruwan.

Aikin da ya girgiza tsohon tunani shi ne na Reitzer da Wice da Kennell a 1979. Sun nuna cewa a ƙwayoyin ciwon daji na HeLa da ke cikin wadatar gulukos, kimanin kashi 80 cikin 100 na sukarin laktet yake komawa, kashi 4 zuwa 5 ne kawai ke shiga zagayen Krebs, kuma fiye da rabin makamashin ƙwayar daga sinadarin gulutamin yake fitowa. Da suka musanya gulukos da furuktos ko galaktos, ƙwayoyin suka ci gaba da girma, laktet ya ragu ƙwarai, gulutamin ya ɗauki kusan dukkan nauyin samar da makamashi. Glacken da Fleischaker da Sinskey a 1986 suka mayar da wannan sani dabara: a riƙa ba da abinci kaɗan-kaɗan don a rage dattin da ƙwayoyi ke fitarwa. Vander Heiden da Cantley da Thompson a 2009 suka fassara ɗabi'ar Warburg a matsayin hanyar tara kayan gini, ba ta neman makamashi ba. Sai dai Hosios da abokan aikinsa a 2016 sun rage wa wannan fassara ƙarfi, da suka nuna cewa mafi yawan nauyin ƙwayar daga sinadaran amino yake zuwa, ba daga gulukos ba.

Ta fuskar rigakafin bisashe, Walter Plowright ya raunana bairos ɗin bushiya a cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi a Kenya, kuma gangamin rigakafin bushiya na JP15 da ya soma a 1962 daga ƙasashen Tafkin Chadi ya fara, ciki har da Nijar. An ayyana ƙarshen bushiya a 2011. Rigakafin PPR da aka fi amfani da shi a Afirka, Nigeria 75/1, an samo shi daga bairos da aka ware a Najeriya a 1975, Adama Diallo da abokan aikinsa suka raunana shi a kan ƙwayoyin Vero suka wallafa a 1989. Su kuwa ƙwayoyin Vero, Yasumura da Kawakita ne suka samo su daga ƙodar wani birin Afirka a Jami'ar Chiba ta Japan a 1962.

3.0 Hanyar bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko, kwatanta sakamakon ayyukan da aka wallafa a kan ƙwayoyin HeLa da MDCK da CHO da Vero. Ta biyu, lissafin sinadarai daga sanannen haɗin ruwan reno, bisa ƙa'idar cewa giram 1 na gulukos a lita daidai yake da milimol 5.5, kuma kowace ƙwayar gulukos guda tana iya ba da laktet biyu. An ɗauki sakamakon HeLa da CHO a matsayin manuniya kawai, domin HeLa ƙwayar ciwon daji ce ta mutum, CHO kuma ta ɓeran Sin ce, babu ɗaya daga cikinsu da ke tsayawa daidai a madadin Vero.

4.0 Nazari

4.1 Inda gulukos ke zuwa bayan ya shiga ƙwaya

Gulukos yana shiga ta ƙofofin furotin da ke jikin fatar ƙwayar, musamman GLUT1. Da zarar ya shiga, inzayim ɗin hekzokaines ya liƙa masa fosfet, shi ke nan ba ya iya fita. Daga nan hanya ta rabu. Mafi yawansa ana fasa shi gida biyu ya zama fairubet, a samu ribar makamashi ta ATP 2. Idan fairubet ya wuce cikin maitokondiriya aka ƙone shi da oksijin, jimillar ribar tana kaiwa ATP 30 zuwa 32. Idan kuwa aka mayar da shi laktet aka tura waje, a kan 2 ɗin nan aka tsaya.

Akwai ƙananan rassa biyu da kason da ke bi ta cikinsu bai taka kara ya karya ba, amma rayuwar ƙwayar ta rataya a kansu. Reshen fentos fosfet yana samar da raibos, wanda da shi ake gina DNA da RNA, da kuma NADPH na gina kitse da kare ƙwaya daga lahanin oksijin. Reshen hekzosamin kuma yana samar da sukarin da ake ɗaura wa furotin. Bairos ɗin PPR ƙwayar RNA ce mai riga, kuma furotin biyu na jikin rigar, H da F, waɗanda da su yake kama ƙwaya ya shige ta, dukkansu masu ɗaurin sukari ne. Ke nan bairos ɗin yana cin moriyar waɗannan rassa biyu kai tsaye.

4.2 Yawan sukari da tarin tsami

Hekzokaines yana cika da aiki tun gulukos bai kai milimol 1 ba, ƙofar GLUT1 ma a ƴan milimol kaɗan take kusan cika. Saboda haka saurin girma ba ya bambanta sosai tsakanin milimol 5.5 da milimol 25. Abin da ke bambanta shi ne tsawon lokacin da ƙwayoyin za su ɗauka suna zubar da laktet ba tare da wani abu ya tsayar da su ba.

Lissafin yana da sauƙi. MEM yana da gulukos milimol 5.5, don haka iyakar laktet da zai iya fitowa daga gare shi milimol 11 ne, alhali baikabonet ɗin da ke tare tsami a cikinsa, giram 2.2 a lita, ya kai milimol 26. Akwai rarar kariya. DMEM mai yawan sukari yana da milimol 25, wanda zai iya ba da laktet har milimol 50, baikabonet ɗinsa kuma giram 3.7 ne, wato milimol 44. A nan tsamin da zai iya fitowa ya riga ya zarce abin da zai tare shi. Mafi muni shi ne abin da ake yawan yi da kyakkyawar niyya: a ɗauki MEM a ƙara masa gulukos zuwa giram 4.5 don ƙwayoyi su ƙoshi, ba a taɓa baikabonet ba. An buɗe hanyar tsami milimol 50 ke nan a gaban kariya ta milimol 26.

Ido yana iya ganin sakamakon. Jan launin fenol da ake sa wa ruwan reno ja ne a ma'aunin pH 7.4, ya koma ruwan lemo idan ya sauko kusa da 7, ya zama rawaya idan ya ƙara yin ƙasa. Tsamin nan shi ne dai wanda ke sa madara ta kwana ta zama nono a ƙwarya, sai dai a kwalba ƙwayoyin da ake reno ne da kansu suke fitar da shi. Yawancin ƙwayoyi suna jure laktet da bai wuce milimol 20 ba, amma idan ya haura 40 girma yana raguwa a fili. Wani kaso na illar daga faɗuwar pH yake, wani kuma daga kaurin ruwan: idan aka zuba sinadarin da zai kashe tsamin, gishiri ya ƙaru, ruwan ya fi ƙarfin mizanin da ƙwaya ke so, wato kimanin miliosmol 260 zuwa 320 a kilo. Bairos ɗin PPR kansa ba ya jure tsami mai yawa, don haka ruwan da ya yi rawaya yana cutar da mai masauki da baƙon gaba ɗaya.

Ya kamata a tuna cewa milimol 25 ba mizanin lafiyayyen jiki ba ne. Jinin mutum mai lafiya da bai karya kumallo ba yana tsakanin milimol 4 da 5.5. Na akuya da tunkiya da saniya ya fi haka ƙasa, kimanin 2.5 zuwa 4.5, saboda tumbinsu yana narkar da ciyawa ta zama sinadaran tsami masu kitse, hanta ce ke ƙera musu gulukos daga furofiyonet. Raƙumi, wanda shi ne dukiyar makiyayan Ngurti, sukarin jininsa ya fi na waɗannan yawa. Duk mai binciken da ya ɗebo ƙwayoyin ƙodar ɗan akuya ya zuba su a DMEM mai giram 4.5, ya jefa su cikin sukarin da ya ninka na jikin uwarsu sau biyar ko fiye, kuma dole a karanta sakamakonsa da wannan a zuciya.

4.3 Ƙarancin sukari

Ɗaya gefen ma yana da nasa haɗari, kuma yana zuwa ba sallama. A kwalbar da ta cika da ƙwayoyi, milimol 5.5 yana iya ƙarewa cikin kwana biyu ko uku, launin ruwan kuma bai canza sosai ba, don haka ma'aikaci ba zai gani ba. Idan ya ƙare, inzayim ɗin AMPK yana farkawa ya dakatar da ginin furotin da kitse, rarrabuwa ta tsaya, ƙwayar ta soma cin kayan cikinta. Wasu ƙwayoyin sukan juya su sha laktet ɗin da suka zubar tun farko, abin da masu sarrafa CHO a masana'antu ke maraba da shi. Amma laktet ba ya wadatar da reshen raibos da na hekzosamin kamar yadda sukari ke yi, kuma an sha nuna cewa furotin da aka gina a lokacin yunwar gulukos ɗaurin sukarinsa yakan zo a gurgunce. Ga mai haɗa rigakafi, lokacin da ya fi hatsari shi ne kwanakin da ke bayan an zuba bairos, domin a lokacin ne buƙata ta fi yawa, a lokacin ne kuma aka fi barin kwalba ba a taɓa ta ba.

4.4 Gulutamin da zafin ɗaki

Ba a rage gulukos a ƙyale gulutamin. Idan sukari ya ragu ƙwayar tana ƙara dogaro da shi, dattinsa kuwa amoniya ce, wadda milimol 2 zuwa 4 nata sun isa su rage girman ƙwayoyi da dama. Hassell da Gleave da Butler a 1991 sun sami Vero a cikin masu juriyar amoniya, wanda hakan sassauci ne ga masu aikin PPR. Sai dai gulutamin yana rugujewa da kansa a cikin ruwa ya saki amoniya ko babu ƙwaya ko ɗaya, kuma zafi yana hanzarta hakan. A yankin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kwalbar ruwan reno da ta yini a wajen firiji ba ita ce wadda aka haɗa da safe ba. Akwatin reno na yau da kullum ma ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Idan ɗakin ya fi digiri 37 zafi, ba shi da yadda zai riƙe 37. Duk wani ɗakin gwaji da za a kafa don wannan aiki a Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, sanyin ɗaki da tsayayyar wuta ne farkon abin da zai nema kafin a kai ga maganar sukari.

4.5 Musanya sukari da juriyar rigakafi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar Komadugu. Furuktos da galaktos suna shiga hanyar fasa sukari a hankali, don haka ƙwayar tana samun abin da rassan gini ke buƙata ba tare da ambaliyar fairubet ba. Silva da Carrondo da Alves, a wani aiki da suka wallafa a mujallar Vaccine a 2011 daga ƙasar Fotugal, sun gwada wannan a kan rigakafin PPR kansa. Da suka yi amfani da furuktos milimol 25, bairos ɗin da aka girba ya ninka kusan sau goma, juriyarsa a digiri 37 kuma ta ninka sau 2.6 idan aka kwatanta da gulukos milimol 25. A cikin aikin ne kuma suka nuna amfanin sukarin tirehalos wajen kare rigakafin idan an busar da shi.

Dole a raba waɗannan abubuwa biyu, domin ana yawan cakuɗa su. Tirehalos kariya ce daga waje, ana zuba ta bayan girbi, tana daskarewa ta lulluɓe bairos lokacin busarwa. Furuktos kuwa tun a kwalba yake aiki, ta hanyar sauya yanayin ƙwayar da ke ƙera bairos ɗin. Bayanin da ya fi dacewa da abin da aka gani a sashe na 4.2 shi ne raguwar tsami. Sauyin kitsen rigar bairos, wadda daga fatar ƙwayar yake yanko ta, shi ma yana iya taka rawa.

Muhimmancin wannan yana fitowa idan aka dubi ƙa'idar allurar. Kowace allura ɗaya dole ta ƙunshi aƙalla awo 10 a bisa 2.5 na ma'aunin ƙarfin bairos na TCID50, kimanin 316, kuma idan ta kama tana kare dabba shekara uku ko fiye. Rigakafin da ya fito da rarar ninki goma yana iya rasa kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa a hanya, ya iso da abin da ya isa. Wanda ya fito a bakin mizani kuwa, ƙanƙarar akwati ɗaya da ta narke tsakanin Damagaram da Gure ta isa ta mayar da shi ruwan banza, mai allura da makiyayi kuma ba wanda zai sani sai ciwo ya ɓulla a garken da aka riga aka ƙidaya cikin waɗanda aka yi wa rigakafi. Bayan an narka busasshen rigakafi a rugga, awanni kaɗan ne gare shi, kuma a nan ne juriyar bairos ɗin kansa ta fi kowace kariya tasiri.

Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon ɗakin gwaji guda a mayar da shi doka. Amma gwaji ne mai araha, bai buƙatar sabuwar na'ura, kuma ya cancanci a maimaita shi a cibiyoyin da ke haɗa wannan rigakafi a yankinmu, irin su LABOCEL a Yamai da cibiyar binciken dabbobi ta Vom da LANAVET a Garwa.

5.0 Tsarin gwajin da ake ba da shawara

Ana iya reno Vero a yanayi huɗu, a bar komai daidai in ban da sukari: gulukos milimol 5.5 ba ƙari; gulukos milimol 25; gulukos milimol 5.5 da ake cikawa kullum gwargwadon abin da ya ragu; da furuktos milimol 25 daga ranar zuba bairos. Kowace rana a ƙirga ƙwayoyi, a auna gulukos da laktet da amoniya da pH. Rabon laktet da aka samar a kan sukarin da aka ci shi ne manuniya mafi saurin karantawa: idan ya kusanci 2, kusan duk sukarin asara ake yi, idan ya sauko ƙasa da 1, ƙwayar ta koma ƙona shi. Ƙaramar na'urar gwajin sukari ta masu ciwon sukari an daidaita ta ne da jini, saboda haka sai an gwada ta da ruwan reno da aka san adadin sukarinsa kafin a yarda da lambarta, kuma ba ta karanta furuktos.

A ƙarshen reno a auna ƙarfin bairos na kowane rukuni, sannan a ajiye shi a digiri 37 da 45, a busashe da kuma bayan narkawa, a bi yadda ƙarfin ke sauka. Idan wani rukuni ya yi fice, ba za a kai shi ga bisashe ba sai an tabbatar cewa sauyin ruwan reno bai taɓa raunin bairos ɗin ko ƙarfin garkuwar da yake tayarwa ba, kuma kowane kashi da aka haɗa da sabon tsarin sai ya bi ta tantancewar cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha.